Ɗan Hakin da Ka Raina: Yadda Ɗigon Asid Ke Cin Ƙarfen Silba

A ƙarshen daminar bara yayana ya gama gininsa a wata sabuwar unguwa da ke bayan Ƙofar Ƙaura, a nan Katsina. Bene ne hawa ɗaya, kuma duk gidan ba abin da yake alfahari da shi kamar ƙarfen riƙo na matakala, irin mai ƙyallin nan da masu walda ke kira sitenles, mata kuma su ce silba idan kofi ne ko cokali. Ya zuba masa kuɗi ba kaɗan ba, don an tabbatar masa wannan ƙarfe ba ya tsatsa. Ko sati uku ba a yi da kafa shi ba sai ga ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa sun feso masa kamar ƙyanda. Ranar da na je, na tarar ya kira mai waldar ana ta sa-in-sa a tsakar gida.

"Malam, kuɗin mai kyau ka karɓa, ka zo ka sa mani jabu."

"Wallahi Alhaji, ranka shi daɗe, bututun nan shi na sa a gidaje huɗu kafin naka. Mu je ka gani da idonka, ko ɗigo babu."

Na bar su na tsuguna ina duba ƙarfen. Tsatsar ba ta bi shi bai ɗaya ba. Ta fi yawa daga ƙasa zuwa iya gwiwa, ta taru a gindin ƙafafun inda suka zauna a kan tayil, ta kuma bi layin walda kamar an zana ta. Can sama inda hannu ke riƙewa, sai ɗai-ɗai. Da na leƙa banɗakin ƙasa, wanda ba a ma fara shiga ba, na ga kan famfo da mariƙin tawul da sukurorin ƙofa duk sun yi ja. A bayan ƙofar ga wata 'yar jarka da ragowar ruwa mai ɗan rawaya, murfinta a sake. Asid ɗin da masu tayil suka wanke busasshen siminti da shi ne, suka tafi suka bar saura. Ashe jaki aka bari ana dukan taiki.

Yayana bai yarda nan take ba, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce ai ba wanda ya zuba wa ƙarfen asid. Ƙasa aka wanke, kuma a gabansa aka sirka shi da ruwa bokiti guda. In ma ya taɓa ƙarfen, to fantsalin tsintsiya ne kawai. Ta yaya fantsali zai ci ƙarfen da aka ce ko ruwan sama ba ya yi masa komai?

Amsar tana cikin yadda aka yi ƙarfen. Sitenles ba azurfa ba ne, ko da muna ce masa silba. Kusan kashi 70 cikin 100 na irin da aka fi sani, baƙin ƙarfen nan ne da ke tsatsa a jikin rodi. Abin da ya raba su shi ne wani ma'adini mai suna kuromiyam da ake narkawa a ciki, kuma sai ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin 100 kafin ƙarfe ya cancanci sunan. Kuromiyam na da kwaɗayin iskar oksijin. Da zarar iska ta taɓa shi sai ya yi wata 'yar fata a saman ƙarfen, kamar yanar da kunu ke yi idan ya fara hucewa, sai dai wannan ta manne tam, ruwa ba ya ratsa ta. Kaurinta bai wuce nanomita 2 zuwa 3 ba, alhali milimita ɗaya nanomita 1,000,000 ce. Sai ka jera irinta sama da 20,000 kafin ka kai kaurin silin gashi ɗaya. Ido ba ya ganinta. Duk alkawarin da mai kanti ya yi maka na cewa ba ya tsatsa, a kan wannan fatar ya rataya.

Abin sha'awar shi ne tana warkar da kanta. Ka karce cokali da wuƙa, kafin ka ajiye wuƙar kuromiyam ɗin da ya buɗe ya sha iska ya rufe wurin. Shi ya sa kofin silba ke shekara talatin a bakin randa, ana jifa da shi ana gogewa, yana nan da haskensa. Amma warkewar na da sharaɗi biyu: iska ta samu isa wurin, kuma kada a samu abin da ke narkar da sabuwar fatar tun tana tsirowa.

Ba kowane asid ke yin hakan ba, kuma tarihin ƙarfen ma ya nuna haka. A shekarar 1913, a garin Shefil na ƙasar Ingila, wani masanin ƙarfe mai suna Harry Brearley yana neman haɗin da zai sa bututun bindiga ya daina saurin cinyewa. Ya narka ƙarfe da kuromiyam kusan kashi 13 cikin 100. Da ya zo duba shi a madubin ƙara girma, sai ya shafa masa asid ɗin naitirik kamar yadda aka saba, don ya ɗan ci saman ƙarfen zanensa ya fito. Ƙarfen ya ƙi ciwuwa. Daga baya aka ƙera wuƙaƙe da shi, aka gwada su da ruwan khal, ba su yi tabo ba. Har yau masana'antu da naitirik, ko sitirik wanda ke cikin lemun tsami, suke wanke sabon sitenles don fatarsa ta ƙara kyau. To ka ga kalmar asid da muke yi wa kuɗin goro ta ɓoye mana bambanci babba.

Wanda masu tayil suka fi amfani da shi sunansa haidirokulorik. Suna sonsa ne don yana narkar da siminti nan da nan, ka ga yana kumfa yana tsuwa. Wannan asid hannu biyu gare shi. Tsaminsa yana narkar da fatar, sannan yana ɗauke da kuloraid, wato rabin abin da ya haɗa gishirin miya, wanda ke kutsawa ya zauna a wurin da oksijin ya kamata ta zauna, ya hana fatar komawa. Ɗaya na rushewa, ɗaya na hana gyara.

Yanzu ga inda ƙanƙantar ɗigon ta zama matsala maimakon sauƙi. Fatar ba ta da ƙarfi ɗaya a ko'ina. A cikin ƙarfen akwai 'yan burbushin datti da suka rage tun daga tukunyar narki, musamman haɗin manganis da farar wuta, kuma inda irin wannan burbushi ya leƙo sama, fatar wurin rarrauna ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Asid mai rauni ba ya iya kware fatar duka, don haka sai ya huda ta a waɗannan wuraren kaɗai, ya bar rami wanda bai kai kan allura ba. Daga nan sai ƙarfen ya koma kamar batir. Ɗan ramin da ya buɗe shi ne kai ɗaya, faffaɗan jikin da ke da lafiya shi ne ɗaya kan, danshin da ke kwance a sama kuma ya haɗa su. Duk cin da wannan lantarki zai yi, a kan ɗan ramin nan yake taruwa. Rodi yana tsatsa ne a shimfiɗe, ko'ina ya ɗan taɓa, shi ya sa yake daɗewa yana ja bai huje ba. Sitenles kuwa ƙasa ake haƙa shi, kamar rijiya.

Abin da ke faruwa a cikin ramin shi ne ya fi ba ni mamaki tun ranar da na fara fahimtarsa. Ƙarfe da kuromiyam da suka narke a ciki suna haɗuwa da ruwa, kuma wannan haɗuwa tana haifar da sabon tsami. Narkakken ƙarfen yana kuma janyo kuloraid daga waje zuwa ciki. Tsami da kuloraid in sun haɗu, ai haidirokulorik ɗin ne ya dawo. Wato ramin ya zama 'yar masana'antar da ke dafa asid ɗinta da kanta. Masana na auna tsami da ma'aunin pH, inda ruwa mai tsabta ke kan 7, kuma duk taki ɗaya da aka sauko tsamin ya ninka sau 10. A cikin irin wannan rami yakan sauko zuwa 1 ko ƙasa da haka, ko da ruwan da ke waje yana nan a kan 7. Ninki 1,000,000 ke nan. Tsatsar da ke fitowa kuma tana yin hula a bakin ramin, ta tare iska, ta riƙe abin da ke ciki. Bakin ya tsaya ƙarami, cikin ya yi ta faɗi kamar tulu. Fantsalin tsintsiyar nan ashana ce kawai ya ƙyasta. Ko an share shi washegari, wutar ta riga ta kama, kuma ba ta buƙatarsa kuma.

Irin wannan ne ke faruwa a duk lungun da iska ba ta shiga: ƙarƙashin farantin da ke gindin ƙafar ƙarfe, bayan kan sukuru, ƙarƙashin takardar kanti da aka manta ba a ɓare ba, ƙarƙashin ƙurar da ta kwanta ta sha danshi. Ruwan wanki yana gangarawa ya maƙale a wurin, oksijin ɗin da ke ciki ta ƙare, fata ta kasa komawa. Shi ya sa gindin ƙafafun matakalar yayana suka fi ko'ina lalacewa.

Sai maganar bushewa, wadda mu a nan muke ɗauka magani ce. Mukan ce a bar shi, ai zai bushe. Ruwan ne ke tashi, kuloraid ɗin da ya riga ya kama ƙarfe yana nan, kuma gwargwadon yadda ɗigon ke ƙanƙancewa haka abin da ke cikinsa ke ƙara kauri. Abin da ke saura a ƙarshe gishirin ƙarfe ne mai kuloraid, mai jan danshi daga iska kamar yadda gishirin miya ke jiƙewa a watan Agusta. Don ka san ƙarfinsa, da irin wannan gishirin ake jarraba juriyar sitenles a ɗakin gwaji: a jiƙa shi kashi 6 cikin 100, a tsoma ƙarfen awa 72, a fito da shi a ƙirga ramuka. Da hunturu yakan lafa saboda iska ta bushe. Damina na sauka ya farka. Zafin bazararmu kuma, da kan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana ƙara wa cin sauri duk inda aka samu laima.

Banɗakin da ba a taɓa shiga ba kuwa, tururi ne ya ci shi. Haidirokulorik asalinsa iska ce da aka narkar a ruwa, kuma kullum tana neman fita. Jarka mai sakakken murfi a rufaffen ɗaki tana ta sakin ta dare da rana, tana sauka a kan duk ƙarfe mai ɗan sanyi da danshi. Ba sai ɗigo ya taɓa komai ba.

Ruwan batir halinsa daban. Shi salfurik ne, kusan kashi ɗaya cikin uku, sauran ruwa. Ba ya tashi sama kamar wancan, don haka idan ya ɗiga, ruwan ne ke tafiya shi ya zauna yana ƙara ƙarfi. Yanzu da sola ta shiga gidaje da shaguna, batura masu ruwa suna zaune a lungun kicin da ƙarƙashin matakala, suna ɗan feshi lokacin caji. Duk silbar da ke kusa da su za ta nuna.

Kada wannan bayani ya sa uwargida ta tsorata da tukunyarta. Tsamin abincinmu mai sauƙi ne a wurin sitenles: tsamiya, zoɓo, yakuwa, tumatir, lemun tsami, nono. Kamfanonin madara da na lemo a duniya da wannan ƙarfe suke yin tankunansu, kuma ya fi tukunyar dalma jure abu mai tsami nesa ba kusa ba. Inda ake samun matsala shi ne idan tsami ya haɗu da gishiri, aka kuma ba su lokaci. Miyar yakuwa da ta ji gishiri da ɗunƙule, ta kwana biyu a rufe cikin kula, ta tara sharuɗɗan nan duka: tsami, kuloraid, rashin iska. Na ɗauki tukunyar da matata ke dafa taliya na kara ta a hasken taga, sai ga gindinta cike da 'yan fararen tabo, in ka bi da farce ka ji suna kamawa. Gishiri take zubawa tun ruwan na sanyi, ya nutse ya kwanta a ƙasa, kowace ƙwaya ta yi ɗan tafkin gishiri mai kauri a inda ta zauna. In an bari ruwan ya tafasa kafin a zuba, a juya, shi ke nan. Haka jiƙa filas ko sinki da bilic a bar shi ya kwana. Bilic ba asid ba ne, amma cike yake da kulorin, kuma yana huda silba fiye da zoɓon da ake son wankewa.

Ban wanke mai walda tas ba, domin yana da nasa kason. Sitenles iri-iri ne, kowanne da lambarsa. Mai lamba 304 yana da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, shi ne ake rubuta wa 18/8 a gindin wasu kofuna. Mai lamba 316 an ƙara masa molibdinam kashi 2 zuwa 3, wanda ke taimaka wa fatar ta tsaya wa kuloraid, shi ya sa ake kai shi bakin teku da masana'antar magani. Akwai kuma 201, wanda aka rage wa nikel aka cike da manganis don ya yi araha, kuma ya fi saurin hujewa. A ido duk ɗaya suke. Gwajin maganaɗisu da 'yan kasuwa ke yi a gabanka ba ya raba gardama: 201 ba ya kama maganaɗisu, kamar yadda 304 ba ya kamawa, alhali mai lamba 430 yana kamawa kuma sitenles ne na gaskiya. Da na tambayi mai waldar lambar bututunsa, ya ce shi dai a kasuwa mai kauri da marar kauri ya sani. Ban ga ƙarya a fuskarsa ba. Haka aka sayar masa, haka ya sayar.

Waldar kanta tana raunana wurin. Launin shuɗi da ruwan zuma da ke fitowa a gefen ɗinki alama ce cewa wuta ta zuƙe kuromiyam ɗin saman, kuma in ba a goge launin ya fita ba, daga nan tsatsa ke farawa. Idan ƙarfe ya daɗe cikin zafin da ke tsakanin digiri 450 da 850, ɗan gawayin da ke cikin haɗinsa, wato sinadarin kabon, yana kama kuromiyam ya ɗaure shi, gefen ɗinkin ya rasa abin yin fata. Don haka ake yin 304L da 316L, masu gawayin da bai wuce kashi 0.03 ba. Sannan faifan gurzawa da aka yanka rodi da shi da safe, in aka goge sitenles da shi da rana, yana dasa masa burbushin baƙin ƙarfe. Soson ƙarfe na wanke-wanke ma haka yake yi wa tukunya.

Wani zai ce duk wannan maganar ado ce, tabo ne kawai. A matakala da cokali, galibi haka ne. Amma inda ƙarfe ke ɗauke da nauyi, ramin kan zama tsaga. A shekarar 1985, a garin Usta na ƙasar Suwizalan, silin kankare na wani rufaffen wurin ninkaya ya rufto ya kashe mutum 12. Sandunan sitenles ne ke riƙe da shi. Ruwan tafkin bai taɓa su ba. Tururin kulorin da ake tsabtace ruwan da shi ne ya yi shekaru yana tashi yana kwanta masu, yana bushewa, yana barin ɗan tsami da kuloraid, har suka tsattsage daga ciki. Duk mai sa ƙarfen baranda a hawa na biyu, inda yara za su jingina, ya kamata wannan labari ya tsaya masa a rai.

Ni a ganina babban kuskuren na tsarin aiki ne, kuma gyaransa ba ya cin ko sisi. A gama tayil, a wanke, a ɗauraye, a buɗe tagogi gidan ya sha iska kwanaki, sannan a kira mai sitenles da mai famfo. Mu kuwa mun saba kowa ya zo ranar da kuɗinsa ya samu, wankin asid ya zama aikin ƙarshe bayan an kafa komai. In dole sai an wanke bayan an kafa, akwai magungunan cire siminti da ba su da haidirokulorik, kuma mai tayil da ya goge simintinsa tun yana ɗanye ba ya ma buƙatar ko ɗaya. Idan tsautsayi ya sa ya fantsama, to a take a kwarara ruwa mai yawa, a bi da ruwan bekin soda ko jiƙaƙƙiyar kanwa don kashe tsamin, a sake ɗaurayewa da kyau saboda kanwa kan zo da nata gishirin, a tsane da tsumma har lunguna. Kuma ina roƙon masu gida su dubi yaran da ke wannan wanki. Na sha ganinsu da silifas, hannu ba safa, suna tari a rufaffen ɗaki. Tururin da ya ci kan famfo shi suke shaƙa. Kada kuma a kuskura a haɗa asid ɗin nan da bilic wai don ya fi fita, domin iskar kulorin ke tashi, kuma tana iya kisa.

A gidan yayana, jarkar muka fara fitarwa. Muka wanke ƙarfen da ruwan soda, muka ɗauraye, mai waldar ya dawo da sabon faifan da bai taɓa baƙin ƙarfe ba ya bi tsawon bututun yana gogewa, sannan aka shafe shi da ruwan sitirik aka sake ɗaurayewa aka bar shi ya sha iska. Tabon sama duk ya fita. Ƙafafu uku na ƙasa kuwa ramukansu sun yi zurfin da gurzawa ba za ta kai ba, sai yanke su aka yi aka sa sababbi, Alhaji ya sayi bututu, mai walda ya yafe kuɗin aiki. A ƙafa ta huɗu mun bar wasu 'yan ramuka da muka ga kamar ba su kai a damu ba. Da ruwan farko ya sauka bana, yayana ya kira ni ya ce sun sake yin ja.